Takarar Ɗiyar Fari

Shafi na 19

Salamu alaikum mutanen arziki. Wai ku ba ku gajiya ne? Tun jiya wayata ba ta huta ba, Sa'adiya ta Mada har da cewa in ban turo yau ba za ta biyo ni gida da tabarmarta. To ki zo, dama wanki ya tarar min. Masu zagin Baffa Haliru kuma don Allah ku sassauta wa tsohon nan, ni dai ina sonsa. Ku gyara zama.

*

Ƙarfe goma da rabi na safiyar Asabar motar Baffa Haliru ta tsaya ƙofar gidan ƙaninsa a Karakkai, cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu. Awa guda cur ya ci a hanya, don Baffa in yana tuƙi har mai keke sai ya wuce shi ya ɗaga masa hannu. Daga gidansa na Damba a Gusau suka taso.

Muzdalifa ta fito rungume da jakar takardunta.

Da bakinta ta jawo wa kanta tafiyar nan. Jiya da Baffa ya ajiye mata takardar janye takara, ya ce ta bar wa abokin takararta Mubarak kujerar shugaban ƙungiyar ɗaliban kwalejinsu ita ta karɓi mataimakiya, kuka ya ci ƙarfinta ta ce, "Baffa, in dai Inna ta ce in janye, wallahi zan sa hannu."

Baffa ya yi murmushi ya ce, "Shi ke nan? To gobe da safe mu tai."

Sai daga baya ta gane abin da ta yi wa kanta.

Inna Husaina fa! Matar da tun da ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba. Muzdalifa ɗiyar fari ce, kunyarta ake ji. Ana yaye ta aka miƙa wa Baffa, yayan mahaifinta, shi ya riƙe ta, shi ya sa ta makaranta. In Inna za ta yi zancenta sai ta ce "'yar Damba", in za ta kira ta sai ta ce "ke". Ko ciwo Muzdalifa ta yi Inna ba ta tambaya gaban mutane, sai dai a ga fulas ɗin kunun gyaɗa ya iso Gusau, a rasa wanda ya aiko. Wannan matar ce za ta buɗe baki gaban yayan mijinta ta tsaya wa ɗiyar fari? Haba! Baffa ya san abin da yake yi.

Suka yi sallama.

Inna na zaune gindin bango da tire a cinya tana ɓarar gyaɗa. Malam Sahabi, mahaifin Muzdalifa, ya taso da sauri ya shimfiɗa wa yayansa tabarma. Direban haya ne, Bunguɗu zuwa Gusau, yau bai fita ba saboda an ce masa Yaya na tafe.

Muzdalifa ta durƙusa. "Inna ina kwana."

"Lahiya," Inna ta ce, tana kallon gyaɗarta.

Shi ke nan gaisuwar. Amma can sai ga kwanon fura ya matso kusa da ƙafar Muzdalifa, kai ka ce da kansa ya taho. Da nono mai yawa, yadda take so.

Baffa ya gyara murya, ya duba agogon hannunsa.

"Sahabi, Husaina, ba zan ja ku da nisa ba. Ɗiyarku ta tsaya takarar shugabancin ɗalibai. Ni ban hana ta ba da farko, har daɗi na ji. To yanzu magana ta girma. Yaron nan Mubarak ɗan Alhaji Shu'aibu shi ma ya fito, kuma duk 'yan Bunguɗu ne. Manya sun zauna, sun ce in anka tafi a haka ƙuri'a za ta rabu, a yi biyu babu. Anka ce ta bar mashi, a ba ta mataimakiya."

Malam Sahabi ya ce, "To."

Shi dama "to" ɗin nan ita ce jarinsa in Yaya na magana.

"Ba ma wannan ya dame ni ba," in ji Baffa. Ya laluba aljihu ya fito da waya. "Kun ga abin da wani mara kunya ya rubuta ƙarƙashin hotonta? Ba zan iya karanta maku ba. Wallahi kwana biyu tuwo bai wuce mani ba. Yarinyar da na ɗauka a kafaɗa na kai allurar rigakafi, tana kuka ina kuka, ita ce yau kowane ɗan iska zai sa a baki? Ni ba zan iya ba."

Muzdalifa ta share ido. Ta san gaskiya ya faɗa, don da idonta ta ga an maido kwanon tuwonsa a rufe.

"Baffa, in yi magana?"

"Yi, Hajiyata."

"Mataimakiyar bara, ka san aikinta?"

"Mi ne ne?"

"Raba lemo da ruwan leda in an yi taro."

Malam Sahabi ya yi tari don ya ɓoye dariya.

"Baffa mun fi ɗari huɗu a hostal ɗin mata, famfo ɗaya ke kawo ruwa. Yarinya sai ta rasa darasin safe tana bin layi. Sau uku muna rubuta wa ƙungiya takarda, shugaban ya ce ana dubawa. Yaya zai duba, shi da bai taɓa ɗaukar jarka ba? Ni na sayo fenti na bi jarkoki ina rubuta lamba, sannan aka daina dambe a bakin famfo. Ban ce ina son kujera ba, Baffa. Su suka kawo min fom har kan gadona. Mubarak yaron kirki ne, amma ko hanyar famfon bai sani ba. In na janye me zan ce musu?"

"Ki ce masu Baffanki ya ce."

"Baffa..."

"Na ji duk abin da kinka ce, kuma ban ce ƙarya ne ba. Amma mun yi alkawari ni da ke." Ya sake duban agogo, sannan ya juya wajen Inna. "Husaina, ita ta ce sai abin da kinka ce. Na san halinki, ba zan matsa maki ba. In kin yi shiru na san kin bar mani, kamar yadda kinka saba."



Ƙas. Ƙas. Ƙas.

Ƙarar ɓawon gyaɗa kaɗai ke tashi.

Muzdalifa ta ɗago ta dubi Inna. Ba ta taɓa roƙonta komai ba a duniya, yau ma da ido kawai ta roƙa. Inna ta ƙara sunkuyar da kai.

Ƙas. Ƙas.

Baffa ya shimfiɗa takardar a kan tabarma, ya zaro biro daga aljihun gaba ya miƙa mata.

"Bismillah. Allah Ya yi maki albarka."

Ta karɓa. Ai ta rantse. Hawaye ya ɗiga kan takardar, ta sa gefen hijabi ta goge don kada ya ɓata wa Baffa rubutu. Ta ɗora bakin biro a kan layin.

Sai ƙarar gyaɗa ta ɗauke.

"Yaya Alhaji, a dakata."

Jama'a, ni da nake ba ku labarin sai da na ajiye waya na sha ruwa.

Baffa ya waiga hagu ya waiga dama, yana neman mai maganar. Malam Sahabi ya saki baki. Inna ta sauke tire, ta kakkaɓe zaninta, ta shige ɗaka. Suna jin ƙarar kwanonin jerenta tana sauke su ɗaya bayan ɗaya, har ta kai na can ƙasa wanda ko da salla ba a taɓawa.

Ta fito da wata baƙar leda. Ta durƙusa nesa kaɗan da Baffa, ta kwance, ta warware wata takarda da ta yi ja don tsufa, duk ta karye a wurin ninki.

Fosta ce.

Hoton wata matashiya, ta ɗaura kallabi ta yafa gyale, ta kafe mai hoto da ido ba ko murmushi. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: HUSAINA MUHAMMAD SANI. KANSILA.

Muzdalifa ta dubi hoton, ta dubi Inna, ta sake duban hoton. Goshin nan nata ne. Idon nan ma nata ne.

"Inna... ke ce?"

Inna ta tura fostar gaba. Da Baffa take magana.

"Ka gane ta, Yaya?"

Baffa ya cire tabarau ya mayar. Muryarsa ta yi ƙasa. "Husaina, har yau kina aje da wagga takarda?"

"Shekara ashirin. Lokacin muna zaune Tsafe, an kai maka 'yar Damba da wata uku." Ta shafa gefen fostar. "Rijiyar unguwarmu ta rufta. Shekara uku muna faɗa ba mai jinmu, mata na tafiya har bayan gari neman ruwa da goyo a baya. Matan da muke ƙuli tare sunka ce ke kin yi makaranta, ke za ki tsaya muna. Nic ce to."

"Ni na kai anka buga ta Gusau," Malam Sahabi ya ce a hankali, yana kallon ƙasa. "Ni na bi gari da bokitin sitaci ina mannawa."

Muzdalifa ta juya ta dubi mahaifinta. Yau kam kowa na gidan nan baƙo ne a wurinta.

"Saura kwana tara," Inna ta ci gaba, "anka tara manya zauren mahaifina. Anka ce ƙuri'a za ta rabu. Anka ce in bar ma namiji, za a ba ni shugabar mata. Nic ce ni sai abin da Innata ta ce. Anka kira ta, ta tsaya bakin ƙofa."



"Ni ma ɗiyar fari ce, Yaya. Na ɗaga ido na dube ta. Ta sunkuyar da kai."



"Na nemi abin rubutu ban da shi. Kana wurin, ka zo rakiyar ƙaninka. Kai ka ara mani biro."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," Baffa ya ce. Ya dubi biron da ke hannun Muzdalifa, ya kau da kai.

"Ban riƙe ka ba, wallahi. Taimako ka yi, ka ga mace na neman biro. Wanda anka bar ma kujerar ya yi shekarunshi ya sauka, har munka baro Tsafe rijiyar na nan a rufte. Zagi kuwa da kake tsoro, ni ma an zage ni, lokacin ko wayar babu. Na janye kuma ba a daina ba, sai anka koma cewa dama mun san ba ta iyawa."

"Husaina..."

"Bari in ƙarasa, Yaya, in na tsaya ba ni iya ci gaba." Hawaye ya gangaro mata, ba ta share ba. "Ranar da Innata za ta rasu ina zaune bakin gadonta. Ta kama hannuna ta ce, ke, ranar nan ta zaure bakina cike yake da magana, kunya ta hana ni. Na so in ce kada ki sa hannu. Ki yafe mani. Shekara goma sha ɗaya tana ɗauke da abin nan a ranta. Ko a ranar ba ta iya kiran sunana ba."

Muzdalifa ta toshe baki da hijabi.

"To ni ba ni kai tawa maganar gadon asibiti. Kai ka riƙe ta, ka yi mata abin da mu ba mu iyawa, ba ni da bakin gode maka har in mutu. Ban taɓa sa baki a lamarinta ba, kai shaida ne. Amma yau an tambaye ni."

Ta ɗago kai. Karo na farko a rayuwarta ta dubi yayan mijinta ido cikin ido.

"Ba ta janyewa."

Wayyo Allah, Inna Husaina! Ni dai da ina wurin da na rangaɗa guɗa, ko za a kore ni.

Baffa ya ciro hankici ya goge fuska, ya goge tabarau, ya sake goge fuska. Sannan ya miƙa hannu.

"Hajiyata, ba ni birona."

Ta miƙa masa. Ya mayar aljihu, ya ɗauki takardar janyewar ya ninke ta biyu, ya yage, ya sake yagewa.

"Sau ɗaya ya isa," ya ce. "Ba ni ara shi sau biyu."

Muzdalifa ta rarrafa ta kama ƙafarsa tana kuka tana dariya. "Baffa na gode! Baffa Allah Ya ƙara girma! Wallahi ba zan ba ka kunya ba. Bari in sha furar nan mu kama hanya, ƙarfe huɗu za a tantance 'yan takara, ina so in biya hostal in..."

Ta tsaya.

Fuskar Baffa ce ta canza. Agogonsa yake kallo.

"Yaya, lahiya?" in ji Malam Sahabi.

"Na yi abin kunya, Sahabi."

"Wane iri?"

"Ba ƙarfe huɗu ba ne." Ya kasa duban kowa. "Kwamitin zaɓe sun maido shi sha biyu na rana. Alhaji Shu'aibu ya faɗa mani jiya bayan la'asar, ya ce da safen nan za a tura ma 'yan takara saƙo. Duk wanda bai bayyana da kanshi ba kafin sha biyu, an ɗauka ya janye."

Muzdalifa ta fizgo wayarta daga jaka. Ba sabis, ko ɗigo. Gidan nan dama sai an fita bakin titi ake samu, kuma Baffa ya sani.

"Shi ya sa nic ce mu taho da safe," ya ce. "Na ce ko ba ki sa hannu ba, lokaci ya sa maki. Tsoro ne ya ja ni, Hajiyata. Tsoron kada a taɓa mani ke. Ki yafe ma tsohonki."

"Ƙarfe nawa yanzu?" Inna ta tambaya.

"Sha ɗaya da minti ashirin."

Minti arba'in. Hanyar da Baffa ya ci awa guda a kanta, ga shingayen jami'an tsaro, ga cunkoson shiga Gusau ranar Asabar.

Muzdalifa ta zame ta zauna daɓas a ƙasa, jakar ta faɗi gefe. Ba ta ma ji haushin Baffa ba, ita dai ta gaji ne. Fuskokin 'yan hostal kawai take gani, suna tsaye ƙofar ofishin kwamiti suna leƙen hanya.

"Shi ke nan," ta ce. "Allah bai yi ba. Shi ke nan, Baffa, ba komai."

Ba wanda ya lura da lokacin da Malam Sahabi ya tashi. Takalmansa kawai aka ga babu a bakin tabarma. Can sai ga tarin tsohuwar motarsa ta haya daga waje, ta yi sau ɗaya ta mutu, ta yi na biyu ta mutu, a na uku ta kama da wani irin ruri har kajin gidan suka watse. Mutumin da ya shekara goma sha biyar yana bin hanyar nan, ya san kowane rami da sunansa.

Inna ta shiga ɗaka ta fito da hijabinta na unguwa, tana sawa tana tafiya. Ta sunkuya ta ɗauki fostarta ta cusa cikin jakar Muzdalifa, ta rataya jakar a tata kafaɗar.

"Husaina, ina za ki?" in ji Baffa.

"Inda ya kamata a ce an raka ni."

Ta tsaya kan ɗiyarta.

"Ke, tashi."

Muzdalifa ba ta motsa ba, kanta na cikin gwiwa.

"Ke!"

A waje Malam Sahabi ya danna ham.

Inna ta dubi Baffa, ta dubi ƙofa. Ta buɗe baki ta rufe, ta sake buɗewa.

"Muzdalifa!"

Hankicin Baffa ya faɗi daga hannunsa.

Muzdalifa ta ɗago a firgice tana waige-waige, tana neman wadda ta shigo gidan. Ta san muryar, ta san sunan, amma shekara ashirin da biyu ba ta taɓa jin su tare ba.

Inna ta miƙo mata hannu, hawaye na zuba, ba ta kau da kai ba.

"Da ke nike, Muzdalifa. Tashi mu tai Gusau."